Waya, Roba ko Tiyata: Wace Hanya Ta Dace da Muƙamuƙin da Bai Daidaita Ba?

Abin da ya fi ruɗa mai wannan matsala shi ne ya ga likitoci biyu, kowanne ya faɗa masa magana dabam. Wannan ya ce wayar ƙarfe ta jera haƙora kawai za a ɗaura, shekara biyu an gama. Wancan ya ɗaga hoton ƙashi, ya ce in ba tiyata ba gyaran ba zai kai ko'ina ba. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Na farko jera haƙora yake nufi, na biyu kuma ƙashin da haƙoran ke zaune a kai yake kallo.

Tun 1899 likitan haƙori ɗan Amurka, Edward Angle, ya kasa cizon mutane aji uku, kuma har gobe da rabonsa ake aiki. A aji na ɗaya muƙamuƙan biyu suna zaune daidai, cunkoso ko karkata ne kawai a haƙora. A na biyu haƙoran sama sun yi gaba, haɓa ta noƙe. A na uku na ƙasa ne suka sha gaban na sama, fuska ta ɗan lotsa daga tsakiya. Mutane kan ɗauka a aji na uku muƙamuƙin ƙasa ne ya yi tsawo, alhali a yawancin lokuta na sama ne ya gaza, ko kuma duka biyun suka haɗu. A riƙe wannan, don zai dawo idan mun zo kan masu tsagewar leɓe.

Abin da za a auna kafin zaɓi

Tambaya ta farko: laifin na haƙori ne ko na ƙashi? Madubi ba ya amsa ta. Sai an ɗauki hoton kai ta gefe, an ja layuka an auna. Akwai dai ɗan gwaji da likita kan yi wa mai aji na uku: ya sassauta masa haɓa, ya tura ta baya a hankali. Idan bakin haƙoran gaba na sama da na ƙasa suka iya haɗuwa, to wani sashe na matsalar zamewar cizo ce kawai, kuma gyaranta ya fi sauƙi.

Ta biyu: saura girma nawa? Fuskar 'ya mace takan tsaya wajen shekara 16 zuwa 17, ta ɗa namiji kuwa tana iya ci gaba har 18 zuwa 21, kuma muƙamuƙin ƙasa ne ke tsayawa a ƙarshe. Ta uku ita ce girman tazarar da ke tsakanin muƙamuƙin sama da na ƙasa, da milimita ake faɗarta. Waɗannan ukun su ne suke buɗe ƙofa ko su rufe ta. Sai a kan abin da ya rage ake auna kuɗi, dorewa, wahala da haɗari.

A batun kuɗi, kada a tsaya kan abin da aka faɗa ranar farko. A haɗa da hotuna, cire haƙori in za a cire, zirga-zirgar kowane wata ɗaya ko biyu, ranakun da za a bar aiki ko makaranta, da abin riƙe haƙora da za a riƙa sabuntawa bayan an gama.

Hanya ta farko: juya girman ƙashi tun yaro yana ƙarami

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar ba misali ba ce kawai. Ƙashin muƙamuƙin sama yana haɗe da sauran ƙasusuwan kai ta wasu gaɓoɓi da ba su gama ƙulluwa ba a yarinta. Idan aka ja shi a kai a kai, yana bi.

Ga aji na uku, abin da aka fi sani shi ne takunkumin fuska da likitan Faransa Jean Delaire ya shahara da shi. Ƙarfe ne mai matashi biyu, ɗaya a goshi ɗaya a haɓa, da robobi da ke fitowa daga cikin baki su maƙale a sandar gaba. Yaro zai sa shi awa 12 zuwa 14 kullum, galibi daga yamma zuwa wayewar gari, na kusan shekara guda. Sau da yawa akan haɗa da na'urar faɗaɗa ganɗa: uwa ko uba su kwantar da yaro, su haska bakin, su zura ɗan mabuɗi a ramin da ke tsakiyar na'urar su murɗa sau ɗaya. Bayan 'yan kwanaki sai a ga giɓi ya buɗe tsakanin haƙoran gaba biyu. Iyaye da yawa nan hankalinsu ke tashi, alhali alama ce aiki yana ci, kuma giɓin kan rufe da kansa.

Takunkumin ya fi aiki kafin shekara 10. Abin da ake samu ba yawa, milimita biyu zuwa uku, amma ba a raina shi. Wani gwaji da aka yi a asibitoci da dama a Birtaniya, aka buga sakamakonsa a 2016, ya bi yaran da aka fara da su suna 7 zuwa 9 har tsawon shekara shida. Cikin waɗanda suka sa takunkumin, kashi 36 cikin ɗari aka ga har yanzu suna buƙatar tiyata. Cikin waɗanda ba su sa ba, kashi 66. A karanta alƙaluman da ido biyu: buƙatar ta ragu sosai, amma yaro ɗaya cikin uku ya sha wahalar takunkumi kuma tiyatar na jiransa. Ga wanda ya ɗan wuce shekarun, wajen 11 zuwa 12, akwai hanyar Hugo De Clerck na Beljiyam, inda ake kafa ƙananan ƙarafa huɗu a ƙashi a riƙa ja da roba daga cikin baki. Babu abin da ake gani a fuska, sai dai ana buƙatar ƙaramar tiyata sau biyu, ta sawa da ta cirewa.

Aji na biyu labarinsa dabam ne, kuma nan ne iyaye suka fi yin asarar kuɗi saboda gaggawa. Na'urori irin su Twin Block, wadda William Clark na Sukotlan ya ƙirƙiro a 1977, da Herbst wadda ake mannewa ba ta ciruwa, suna tura haɓa gaba. Sun fi aiki a lokacin da yaro ke harba tsawo gab da balaga. Gwaje-gwajen da suka kwatanta farawa da wuri da jira sun nuna ƙarshen abin kusan ɗaya ne. Ribar farawa da wuri ita ce raguwar karyewar haƙoran gaba idan yaro ya faɗi. Don haka sai in haƙoran sun fito sosai, ko tsokana ta hana yaro sakat, ban ga dalilin biyan kuɗi sau biyu ba, na na'ura tun da wuri da na waya daga baya.

Kuɗin wannan hanya matsakaici ne, amma kusan kullum waya na biyo baya. Haɗarinta ga jiki kaɗan ne. Rauninta biyu: na'urar da ke cikin aljihun tebur ba ta gyara komai, sannan girman da ya rage yana iya rushe abin da aka gina.

Hanya ta biyu: waya kaɗai, a rufe aibin ƙashi da haƙora

Nan ba a taɓa ƙashi. Haƙoran ake karkatarwa har su haɗu: a aji na uku na sama su kwanta gaba, na ƙasa su koma baya, a aji na biyu akasin haka. Wani lokaci sai an cire haƙora biyu ko huɗu daga waɗanda ke bayan fiƙa don a sami wuri. Aikin kan ɗauki wata 18 zuwa 30. Ƙananan kusoshin titaniyom da ake kafawa a ƙashi don su zama turken ja sun ƙara wa wannan hanya ƙarfi fiye da da.

Ga tazara ƙarama ko matsakaiciya a fuskar da mai ita bai damu da surarta ba, wannan zaɓi ne mai hankali. Ta fi tiyata araha nesa ba kusa ba, babu kwanciya asibiti, babu allurar barci. Haɗarinta sananne ne: saiwar haƙori takan ɗan gajarce, fararen tabo kan fito gefen ƙarafan idan ba a goge baki da kyau, kuma idan aka tura haƙori ya wuce iyakar ƙashinsa dasashi ya janye ya bar saiwa a waje. Ƙashin da ke riƙe haƙoran gaba na ƙasa siriri ne ƙwarai a masu doguwar haɓa.

Ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a duk wannan kwatance. Karkatarwar da ake yi don rufe aibi kishiyar wadda ake yi kafin tiyata ce. Wanda ya zaɓi waya yau, ya cire haƙora, sannan bayan shekara uku ya ga haɓarsa na nan yadda take ya ce tiyata yake so, sai an sake ɗaura waya an warware aikin farko, kuma haƙoran da aka cire ba sa dawowa. Shi ya sa ba na son jin an ce "mu fara da waya mu gani". Kuma kada a yi wa matashi mai aji na uku irin wannan gyara alhali muƙamuƙinsa bai gama girma ba.

Hanya ta uku: kwanson roba mai garai-garai

Irin su Invisalign, da suka shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1990. Jerin kwansuna ne da ake sauyawa duk mako ɗaya ko biyu, a sa awa 20 zuwa 22 kullum. Ba a cika lura da su ba, goge baki ba wuya, amma yawanci sun fi waya tsada, kuma sun fi ta rauni wajen juya haƙori mai zagaye ko rufe babban giɓin da aka cire haƙori. Haƙora suke motsawa, ba muƙamuƙi ba. Duk tallan da ya ce za su gyara haɓar babban mutum, a wuce shi, musamman irin waɗanda ake aikowa gida ba tare da likita ya duba dasashi ya ɗauki hoto ba.

Hanya ta huɗu: waya tare da tiyatar muƙamuƙi

Tiyata ce kaɗai ke matsar da ƙashin wanda ya gama girma. A muƙamuƙin sama ana yanka ƙashin a kwance sama da saiwoyin haƙora, a bi layin da likitan Faransa René Le Fort ya bayyana a 1901 lokacin da yake nazarin yadda ƙashin fuska ke karyewa. A na ƙasa ana tsaga ƙashin gida biyu ta tsawonsa a kowane ɓangare, yadda zai zame gaba ko baya, dabarar da Richard Trauner da Hugo Obwegeser suka wallafa a 1957. Duk ta cikin baki ake yi, ba tabo a fuska, sai a ɗaure da ƙananan farantai da kusoshi.

Tafiyar doguwa ce. Waya ta wata 12 zuwa 18 kafin tiyata, kuma a wannan lokaci cizon ƙara lalacewa yake yi, da gangan, don ana miƙar da haƙoran da jiki ya karkatar da kansa. Wanda ba a gargaɗa ba zai zaci aikin ya ɓaci. Sannan kwana ɗaya zuwa uku a asibiti, kumburi mai yawa a makon farko, abinci mai ruwa-ruwa da mai laushi na kusan mako shida, sai wata shida ko fiye na waya don kammalawa. Jimilla shekara biyu zuwa uku. Wasu cibiyoyi kan fara da tiyatar don rage lokaci, amma ba kowane baki ya dace da haka ba.

Haɗarin da ya kamata a zauna a yi tunani a kansa shi ne na jijiyar da ke ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa tana kai ji ga leɓe da haɓa. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin sukan farka leɓen ƙasa ba ya ji. Mutum ya sha ruwa, ya gangaro masa a haɓa, bai sani ba sai ya ga rigarsa ta jiƙe. Ga akasari jin yana dawowa cikin watanni zuwa shekara, ga wasu kuwa wani ɗan wuri kan zauna haka har abada, kuma yawan shekaru na ƙara wannan haɗari. Leɓen yana motsi daidai, ji ne kawai ke raguwa. Sauran su ne zubar jini, ƙwayar cuta a wurin farantai, ciwon gaɓar muƙamuƙi, da haɗarin allurar barci.

Dorewa ta danganta da inda aka kai ƙashin. William Proffit da abokan aikinsa a Amurka sun jera motsin daga mafi zama zuwa mafi saurin komawa: ɗaga muƙamuƙin sama da jawo na ƙasa gaba su ne kan gaba wajen zama, mayar da na ƙasa baya, sauko da na sama da faɗaɗa shi su ne suka fi gardama. Ya dace ka tambayi likita wane motsi za a yi maka. Tsada kuwa, ita ce ta fi duka. A wasu ƙasashe inshora ko asibitin gwamnati na ɗaukar nauyi idan matsalar ta taɓa tauna, magana ko numfashi.

Hanya ta biyar: jan ƙashi a hankali

Dabarar Gavriil Ilizarov ce ta tsawaita ƙashin ƙafa, Joseph McCarthy ya kawo ta muƙamuƙi a 1992. A yanka ƙashi, a jira kamar kwana biyar, sannan a riƙa murɗa na'ura milimita ɗaya kullum, sabon ƙashi yana cike tazarar. An tanade ta ne don babban motsi, sama da milimita 10, ko inda tabo ya ɗaure nama. Wahalarta ita ce zama da na'urar na makonni ko watanni, wani lokaci ƙarfe ne kewaye da kai.

| Hanya | Lokacin da ta dace | Kuɗi | Dorewa | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Juya girma | Yarinta zuwa balaga | Matsakaici, waya na biyo baya | Ta dogara da sauran girma | Sawa kullum | Matsalar ta dawo |
| Waya kaɗai | Bayan haƙoran dindindin sun fito | Matsakaici | Mai kyau in ana sa abin riƙewa | Wata 18 zuwa 30 | Janyewar dasashi, gajarcewar saiwa |
| Kwanson roba | Matasa da manya | Ya ɗara na waya | Kamar ta waya | Awa 20 zuwa 22 kullum | Gyara ya tsaya rabi |
| Waya da tiyata | Bayan girma ya tsaya | Mafi tsada | Mai kyau, gwargwadon motsin | Shekara 2 zuwa 3 | Raguwar ji a leɓe |
| Jan ƙashi | Babbar tazara | Mai tsada sosai | Mai kyau a babban motsi | Zama da na'ura | Ƙwayar cuta, tiyata ta biyu |

Kowace aka bi, abin riƙe haƙora na dare ko siririyar waya a bayan haƙora ba ta da ranar ajiyewa. Haƙori yana motsi muddin mutum na raye.

Inda gado da tsagewar leɓe suke sauya lissafi

Doguwar haɓa tana bin jini. Gidan sarautar Habsburg na Turai har sunansu aka laƙaba mata. Amfanin sanin haka a aikace shi ne, yaron da mahaifinsa ko kakarsa ke da aji na uku mai tsanani ya fi kusa da sake fitowar matsalar bayan takunkumi, don haka a shiga da sanin cewa tiyata na iya biyo baya.

Tsagewar leɓe ko ganɗa takan sami kusan jariri ɗaya cikin 700. Leɓe yana haɗuwa tsakanin mako na huɗu da na bakwai na ciki, sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na masu tsagewar leɓe ba su da wata larura tare da ita, kuma a wurinsu ba ƙwayar gado ɗaya ba ce sanadi: da yawa ne suke haɗuwa da abubuwa kamar shan taba lokacin ciki da wasu magungunan farfaɗiya. Iyayen da suka haifi ɗa ɗaya mai irin wannan, yiwuwar ta maimaitu kusan kashi 3 zuwa 5 ne cikin ɗari. Amma akwai larurar Van der Woude, wadda aka gano a 2002 cewa sauyi a ƙwayar gado mai suna IRF6 ke kawo ta. Alamarta 'yan ramuka biyu ne a leɓen ƙasa, ƙanana har mai su kan girma bai san suna da ma'ana ba. Mai ita yana da yiwuwar rabi da rabi ya gadar wa kowane ɗa, kuma sau da yawa wasu haƙoran ba sa tsirowa sam, abin da ke sauya tsarin waya gaba ɗaya. In an ga ramukan a dangi, a nemi mai ba da shawara kan gado.

Abin mamaki, ba tsagewar kanta ce ta fi tauye muƙamuƙin sama ba. Manyan da ba a taɓa ɗinke musu ganɗa ba, an ga ƙashinsu ya girma kusan daidai. Tabon ɗinkin ne ke riƙe shi, ɗinkin da kuma ba makawa sai an yi don yaro ya yi magana. Shi ya sa takunkumin fuska bai cika jan ƙashin waɗannan yara yadda yake jan na sauran ba, kuma aƙalla ɗaya cikin huɗu kan buƙaci tiyatar muƙamuƙi. Tsarinsu a jere yake: faɗaɗa ganɗa, sannan dashen ƙashi a giɓin dasashi wajen shekara 8 zuwa 11 kafin fiƙa ta fito, galibi daga ƙashin ƙugu, sannan waya. Wannan dashen ba a ɗaga shi, don fiƙa ba ta jiran kowa.

Wa ya dace da wace?

Yaro ɗan 7 zuwa 9 da haƙoran ƙasa suka sha gaba: takunkumin fuska, in har akwai babba a gida da zai tsaya a kai kowane dare. Yaro mai noƙaƙƙiyar haɓa: a jira lokacin harba tsawo, sai in haƙoran na cikin haɗarin karyewa. Matashi ɗan 14 ko 15 mai aji na uku mai ƙarfi: a jira ana aunawa, kada a cire haƙori ko ɗaya.

Babba mai ƙaramar tazara wanda murmushinsa ne kawai ya dame shi: waya, ko kwanson roba in aikin mai sauƙi ne kuma ya san ba zai riƙa cirewa ba. Babban da ba ya iya gatsa abu da haƙoran gaba, ko leɓɓansa ba sa rufuwa sai da ƙoƙari, ko fuska ta karkace, ko numfashi na ɗaukewa cikin barci saboda ƙaramin muƙamuƙi: tiyata, kuma gara ya jinkirta ya tara kuɗinta da ya kashe rabi a kan waya da za a warware. Wanda kuwa yake tauna lafiya, haƙoransa ba sa cinyewa, surarsa ba ta dame shi ba, yana da damar barin bakinsa yadda yake.

Mai tsagewar leɓe da ganɗa da ya gama girma: tiyatar Le Fort in tazarar ba ta kai milimita 10 ba, jan ƙashi in ta wuce ko tabon ya yi kauri. Kafin a sa rana, lallai masanin magana ya duba shi, don jawo muƙamuƙin sama gaba yana nesanta ganɗa daga bangon maƙogwaro, kuma wanda da ƙyar yake rufe wurin yana iya fitowa yana magana ta hanci.